Saƙon Da Baba Bai Aika Ba

Shafi na 23

Masu bina har akwatin saƙo kuna cewa na bar ku a tsaye, to ku ja kujera ku zauna. Wanda yau ce shigowarsa ta farko kuma, ga inda muke. Auta tana ajin ƙarshe a jami'ar mishan, tana digirin kasuwanci, ɓangaren aiki da kwamfuta. Aikinta na kammala karatu manhaja ce da ta haɗa wa shagon Babanta na gyaran kayan wuta, wadda za ta riƙa aika wa mutane saƙo idan kayansu sun gyaru. Yau da safe ta tsaya gaban 'yan aji don nuna yadda abin yake aiki, ta danna maɓalli, aka tafa mata. Daga nan za mu ɗora.

*

Ba a gama tafin ba ta sha jinin jikinta.

A kan allon kwamfutar layuka ne suke ta sauka, kowanne da koriyar alama a gefensa. An aika, an aika, an aika.

A sashensu doka ce, ba a gwaji da lambobin mutane na gaske, sai na bogi. Auta tana da na bogin kuwa, Mai Kaya Na Ɗaya, Mai Kaya Na Biyu, haka har ƙasa. Amma da safen nan ta dube su ta ga abin ya yi kama da wasan yara, ita kuma tana so a san ta yi aiki. Sai ta ɗora na gaske, waɗanda ta kwafa daga 'yan takardun da Baba yake ɗaurawa da zare a jikin kowane kaya. Ta manta ɗungum cewa jiya ta buɗe hanyar aikawa don ta gwada da wayarta, ba ta rufe ba.

Ni kam ba zan yi mata faɗa ba. Duk wanda bai taɓa son a tafa masa ba ya ɗaga hannu in gani.

Wayarta ta fara rawa a kan tebur. Ta dubi sunan mai kira, Yayanta ne. Ta ɗauka ta fita baranda.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Kina aji?"

"Na fito."

Tana jin numfashinsa, tana jin ƙarar motoci a bayansa.

"Baba ya aiko min saƙo."

Ta jingina da bango.

"Ya ce kayana sun gyaru, in zo in karɓa. Kina ji na kuwa?"

"Ina ji, Yaya."

Sababbin shigowa, ku matso in gaya muku. Yaya shi ne babba a gidan, shi Baba ya koya wa sana'a tun yana ƙarami. Amma zuciyarsa tana wurin ƙaramin piyanonsa na lantarki da yake kaɗa wa mawaƙa a coci. Wata rana ya bar firijin wani a jone ya tafi koyon waƙa, firijin ya ƙone. Baba ya wanke shi tas a gaban mutane, ya ce ya zaɓa, ko shago ko wannan abin ƙara. Washegari Yaya ya shigo da piyanon, da ma maɓalli ɗaya ya daina kuka, ya ajiye a kan kantar shagon. Ya rubuta sunansa da lambarsa a 'yar takarda, ya ɗaura da zare kamar kowane baƙo. Ya ce, "A gyara min. Idan ya gyaru a kira ni." Ya fita da jakarsa. Shekaru ke nan ba a kira shi ba, shi ma bai tako ba. Ya yi aure a garin da yake, har da 'yarsa, Baba bai taɓa ganinta ba.

"Ashe tsohon ya iya rubuta saƙo," in ji Yaya, yana wata 'yar dariya. "Na karanta ya fi a ƙirga. Na nuna wa matata, ta ce in daina kallon waya in nemi mota."

"Yaya..."

"Gobe da safe zan taso. Kada ki gaya masa mun yi magana, kin san shi da kunya. Zan shigo ne kawai kamar mai karɓar kaya, in sauƙaƙa masa."

Maganar tana bakinta. Ni ce, ba Baba ba ne. Ta buɗe baki, abin da ya fito daban.

"Allah ya kawo ka lafiya."

"Amin, ƙanwata. Muryarki fa?"

"Mura ce."

Ya kashe. Ta tsaya da wayar a hannu, tausayinsa ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Tun da ya bar gida ba ta ji muryarsa da daɗi irin na yau ba, kuma ita ce ta jawo.

*

Malamin da yake duba aikinta, ɗalibai suna kiransa Malam An-gwada. Komai ka kai masa, tambayarsa ta farko ke nan, an gwada? Ana cewa wani ya taɓa kai masa katin ɗaurin aure, sai da ya tambaya kafin ya tuna ya yi murna.

Ofishinsa ɗan ƙarami ne. Tebur, butar shayi, gicciyen katako a bango, da kujerar baƙi mai gajeriyar ƙafa ɗaya.

"Zauna a hankali, tana girgiɗi."

Ta zauna.

"Malam, kuskure ne."

"Na sani. Kowa yana kallon allo, ni ina kallon fuskarki. Su wa ya je wa?"

"Duk wanda yake da kaya a shagon."

"Waɗanda suka gyaru da waɗanda ba su gyaru ba?"

"Duka, Malam."

Ya zuba shayi a kofi ya tura mata. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya ɗagawa, shi ya sa ake tsoronsa.

"Kin san abin da muke yi a sashen nan idan haka ta faru."

"Saƙon gyara."

"Yau, kafin Babanki ya rufe shago. Ga kowa da kowa. A faɗi abin da ya faru, a ba da haƙuri. Ba a ɗora wa kamfanin waya, ba a ɗora wa kwamfuta. Kwamfuta abin da aka ce ta yi shi ta yi."

"Zan aika, Malam. Sai dai akwai lamba ɗaya."

"Ina ji."

Ta gaya masa komai, tun daga firijin har kiran da ta amsa a baranda. Bai katse ta ba. Da ta gama ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Me kike so ya faru gobe?"

"Ya zo."

"Ya zo ya sami me?"

Ta juya kofin shayin a hannunta.

"Ya shigo da murnarsa, Babanki ya ɗago ya ce wa ya kira ka. A gaban mutane kuma, kamar wancan karon. Kin yi tunanin wannan?"

"Wataƙila in suka ga juna..."

"Wataƙila. An gwada?"

Duk da halin da take ciki sai da ta kusa dariya. Sai kuma ranta ya sosu.

"Malam, kullum a sujadar safe ana yi mana wa'azin sulhu. Yau ga sulhu ya taho da ƙafarsa, ku kuma ku ce in aika masa ya koma?"

"Lallai kin koyi kasuwanci, kin iya ciniki," ya ce yana murmushi. "Ni kwamfuta nake koyarwa, 'yata. Ba ni da ikon haɗa uba da ɗa, ba ni da ikon raba su. Amma gaya min, saƙon da sunan wa ya fita?"

"Da sunan shagon Baba."

"To kin ga kin yi magana da bakin mutum bai sani ba. Ba ni ne zan ce a tsallake lamba ɗaya ba, ba ke ba ce kuma. Mai shago ne. In ya ce wannan mutum ɗaya shi zai yi masa magana da kansa, na karɓa. Abin da ba zan karɓa ba shi ne a bar Yayanki ya hau mota bai san gaskiya ba."

"In na kasa fa?"

"Ba zan sa hannu a aikinki ba. Kuma ba zan leƙa manhajarki don in kama ki ba. Gobe zan tambaye ki, ki ba ni amsa, shi ke nan."

Da ya ce zai leƙa, da ya fi mata sauƙi. Mutumin da ya yarda da kai ya fi wuyar yi wa ƙarya, Auta kuwa ta san haka.

"Sha shayinki. Mu yi addu'a kafin ki tafi."

Addu'ar gajeriya ce. Bai roƙa mata maki ba, bai roƙa a shafe kuskuren ba. Ya roƙa wa tsohon da bai taɓa gani ba taushin zuciya, ya roƙa mata baki. Ta ce amin, ta ɗauki jakar kwamfutarta.

*

Shagon Baba yana tsakanin mai aski da mai sayar da fenti. Tun daga bakin layi Auta ta hango Mama a kan benci a ƙofa, tana fama da wata mata mai jan mayafi.

"Kuɗin mota na kashe na zo, a ce min bai gyaru ba?"

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Injin markaɗenki yana kan layi, wannan makon in Allah ya yarda."

"To wa ya aiko min saƙo?"

"Shi muke nema mu ma."

Matar ta wuce tana mita. Mama ta juyo, ta dubi Auta daga sama har ƙasa, ta dubi jakar.

"Ke ce ko?"

"Ni ce, Mama."

"Ai na faɗa. Tun safe nake ba da haƙuri kamar ni na ɗauke wutar gari. Wani ma fankarsa ya zo karɓa, shi da kansa ya manta ya taɓa kawo ta. Wannan shi ne karatun da ake ta yi?"

Auta ta zauna kusa da ita, ta rage murya.

"Mama, har Yaya ya samu."

Hannun Mama ya tsaya a kan gwiwarta.

"Ya kira ni. Ya ɗauka Baba ne. Ya ce gobe zai taso."

"Ya ce zai zo? Da bakinsa?"

"Da bakinsa."

Mama ta rufe ido, leɓunanta suna motsi. Da ta buɗe sun kaɗa sun yi ja.

"Kada ki aika masa komai. Kin ji ni? Ki bar shi ya zo. Ni zan ji da Babanku."

"Mama, shekara nawa kina cewa za ki ji da shi?"

"Ke, ki kiyaye ni."

"Ba rashin kunya ba ne. In Yaya ya shigo Baba ya ce bai kira shi ba, ba zai sake dawowa ba har abada. Kin sani."

Mama ta daɗe tana kallon titi. Sannan ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta.

"To shiga. Ni ba zan iya tsayawa in ji ba. Zan je gida in share ɗakinsa."

"In kuma Baba ya ce a'a?"

"Ɗaki ai ba ya ƙin shara."

Ta tafi ba ta waiwayo ba.

*

Cikin shagon warin dalma ne da na tsohuwar waya. Fankoki a jere a ƙasa, rediyoyi da duwatsun guga a kan katakai har rufi, kowanne da 'yar takardarsa tana lilo. Baba yana bayan kantar shagon, tabarau a kan hanci, ya buɗe cikin wata fanka.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa. Injiniya ta iso."

Bai ɗago ba. Ita kuwa ta gwammace ya yi faɗa.

"Baba, ni ce na aika saƙon nan. Kuskure na yi wajen gwaji. Ka yi haƙuri."

"Miƙo min ƙaramin sukundireban can."

Ta miƙa.

"Tun da na buɗe shagon nan," ya ce yana kwance ƙusa, "ban taɓa kiran mutum ya zo karɓar abin da bai gyaru ba. Yau a wuni ɗaya na zama maƙaryaci a unguwa."

"Zan aika musu saƙon gyara. Malaminmu ya ce lallai yau, in faɗa musu laifina ne."

"Malamin nan yana da hankali. Aika."

Ta ɗora kwamfutar a gefen kantar, ta buɗe. Ta riga ta rubuta saƙon tun a mota. Ta karanta masa, ya gyaɗa kai, ya ce ta cire kalmar "matuƙa", ba a kashe kowa ba. Ta cire.

"To me kike jira?"

"Baba, akwai lamba ɗaya."

Hannunsa bai tsaya ba, amma ƙusar ta kuɓuce masa ta faɗi ƙasa. Bai neme ta ba.

"Duk takardun shagon na kwafa. Har ta kan katakon sama."

"Wa ya sa ki hawa can?"

"Kai ka ce kada in bar ko ɗaya."

Mai aski yana ta hira da wani a maƙwabta, muryarsu tana shigowa ta bango.

"Ya samu?"

"Ya samu. Ya kira ni."

"Me ya ce?"

"Ya ce ashe ka iya rubuta saƙo."

Baba ya saki wani ɗan huci ta hanci, ba za ka ce dariya ba ce, ba za ka ce ba ita ba ce.

"Ya ce gobe zai taso. Baba, murna yake yi. Ban taɓa jin..."

"Aika masa kamar kowa."

"Baba."

"Shi ba mai kaya ba ne? Da hannunsa ya rubuta takarda ya ɗaura. Shi ya mai da kansa baƙo, ba ni ba. Abin da aka aika wa mai fanka a aika masa."

Auta ta dubi allon. Maɓalli ɗaya ne tsakaninta da gamawa. Malam zai sa hannu, Baba zai koma kan fankarsa, Yaya zai karanta a can inda yake cewa na'ura ce ta yi kuskure. Ta san ba zai yi fushi ba. Zai ce ba komai, ƙanwata, ya ajiye wayar, kuma ba zai ƙara ɗaga maganar gida ba. Wannan ne ya fi ba ta tsoro.

Ta janye hannunta.

"Baba, in tambaye ka?"

"Kin fara."

"Maɓalli ɗaya ne fa ya lalace a piyanon nan. Kai da kake tayar da talabijin da ruwa ya cinye. Me ya hana ka gyara ka kira shi tun tuni? Ko so kake sai ya durƙusa?"

Tana faɗa ta tsorata da kanta. A gidansu ba a yi wa Baba irin wannan tambaya. Ta jira tsawa.

Tsawa ba ta zo ba. Baba ya cire tabarau ya ajiye. Ya zagayo, ya tura ƙofar shagon ya bar ta a ɗan buɗe. Ya jawo tsani ya jingina da katakai.

"Riƙe min."

Ta riƙe. Ya hau a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya sauko da doguwar jakar baƙar leda, takardar Yaya tana lilo a hannunta. Ranar da Auta ta hau kwafa, takardar kawai ta karanta, ba ta buɗe jakar ba.

Ya ture fankar gefe, ya ɗora jakar a kan kantar, ya zuge.

Auta ta dafe baki.

Piyanon a tsage yake tun daga tsakiya har gefe. Fararen maɓallai da yawa sun karye, an manne wasu, wasu an sassaƙa sababbi da farar roba ba su yi daidai da 'yan'uwansu ba. Allon cikinsa ya rabu biyu, an ɗinke shi da siraran wayoyi, ɗigon dalma a ko'ina, wani tsoho ya dushe, wani sabo yana ƙyalli.

"Faɗowa ya yi?"

"A'a."

"To me..."

"Ranar da ya fita. Na rufe shago, na ɗaga shi na maka da ƙasa." Ya faɗa kamar mai ba da labarin wani. "Sau biyu."

"Mama ta sani?"

"Ba wanda ya sani."

Ya shafa gefen da ya tsage da babban yatsa.

"Washegari na tattara. Na ce mako ɗaya zan gama in kira shi. Na nemi allon nan har na gaji, an daina yin irinsa. Na sayi tsofaffi na ciro nasu, ba su hau ba. Duk ranar da ba mutane ina sauko da shi. Yanzu yana kamawa, fitila tana haske. Taɓa ki ji."

Ya jona shi da wuta. 'Yar jar fitila ta kama. Auta ta danna maɓalli ɗaya, wata ƙara ta fito kamar kukan ƙofa mai tsatsa. Ta danna na kusa da shi, shiru.

"Kin ji. Na kasa."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Haushin da ta shigo da shi ya zube, tausayi ya maye wurin. Duk shekarun nan suna cewa taurin kai ne, ita da Mama har da Yaya, ashe tsohon kunya ce take cinsa shi kaɗai a cikin shago.

"Baba, ai da ka kira shi ka gaya masa."

"In ce masa me? Zo ka ga abin da ubanka ya yi?"

"Ba piyano yake so ba."

"Ya ce idan ya gyaru a kira shi. Haka ya ce. Ni kuma ba na kiran mutum a kan abin da bai gyaru ba."

"To saya masa sabo."

"In ce shi ne nasa? Ƙarya kan ƙarya?"

Auta ta share fuska da bayan hannu. Ta juya kwamfutar ta fuskance shi.

"Ga shi nan. Malam ya ce kai ne mai shago. In ka ce in aika masa kamar kowa, zan aika yanzu a gabanka. In ka ce kai za ka yi masa magana da bakinka, sai in cire lambarsa. Amma ɗaya dole ne, kuma yau."

"Ke da malaminki kun haɗa min tarko."

"Ni na haɗa, Baba. Ban kuwa yi niyya ba."

Ya daɗe yana kallon allon, ko da yake ba tabarau a idonsa, ba abin da yake gani. Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa yana tambayar rediyonsa, Baba ya ce a dawo gobe, mutumin ya tafi.

"In na'urarki ta gaya masa, me zai ce?"

"Zai ce ba komai."

"Haka zai ce," Baba ya maimaita a hankali. "Halin uwarsa ne."

Ya laluba aljihu ya ciro tsohuwar wayarsa mai maɓallai.

"Cire shi. Aika wa sauran."

Ta cire, ta duba sau biyu, ta danna. Korayen alamu suka fara sauka, wannan karon ba wanda ya tafa.

"In karanto maka lambar?"

"Na san ta."

Ya danna lambar, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Me za ka ce masa, Baba?"

"Zan ce kada ya ɓata kuɗin mota."

"Baba, don Allah."

"Ko in ce wani abu daban. Ban sani ba tukuna. Yi min shiru."

Ya kara wayar a kunne. Auta ta riƙe gefen kantar. Tana jin ƙarar shigar kiran, siririya, daga cikin wayar Baba.

Sai ta ji wata waya tana kuka a waje, dab da ƙofa.

Ta ɗauka ta mai aski ce. Kukan ya matso. Aka turo ƙofar a hankali, hasken la'asar ya shigo, ga mutum a tsaye da ƙaramar jaka a kafaɗa, waya tana ƙara a hannunsa. Ya yi ƙiba kaɗan, ya tara gemu, amma tsayuwar ta Baba ce sak.

"Salama alaikum," in ji Yaya. Ya dubi Auta kamar mai neman gafara. "Na kasa jiran gobe."

Ba wanda ya amsa sallamar. Baba yana tsaye da waya a kunne, ya manta ya sauke. Ɗaya hannun ya kai kan jakar leda zai ja ya rufe, sai ya tsaya a nan, bai ja ba.

Yaya ya ɗan rusuna.

"Baba, na same ku lafiya? Na zo karɓar kayana."

Ya tako da murmushinsa har gaban kanta. Idonsa ya sauka a kan piyanon. Auta tana kallon murmushin yana janyewa kaɗan-kaɗan. Ya ajiye wayar, ya taɓa tsagar da yatsa, ya bi ta har ƙarshe, ya taɓa maɓallan roba da aka sassaƙa.

"Ai maɓalli ɗaya ne ya lalace da na kawo shi," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ya ɗago ya dubi Auta, ta sunkuyar da kai. Ya juya ga mahaifinsa.

"Baba, wa ya yi masa haka?"